Kawu, in sayar da keken ɗinkina in bi waƙa?

Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne, shekarata 24, ina da ɗan shago a gefen kasuwar Wunti a nan Bauchi. Tun ina Islamiyya ni ake ba jan baiti ranar sauka. Shekara biyu ke nan da na fara shiga situdiyo, na buga waƙa biyar da kuɗin ɗinkina. Ɗaya ta zaga sosai a TikTok, har a cikin Keke Napep na ji an sa ta, amma ko sisi ban samu ba, da yawa ma ba su san ni na yi ta ba. Yanzu wani mutum a Kano ya ce zai sayi waƙoƙin biyar a kan naira dubu 300, in koma can in zama yaronsa. Wani na kusa da wani ɗan siyasa kuma ya ce in shirya musu waƙa, za a gyara ni bayan zaɓe. Ina so in sayar da kekena in haɗa kuɗin bidiyo in tafi. Matsalar Baba ne. Ya ce a zuriyarsa ba a taɓa yin maroƙi ba, in na tafi kada in dawo masa gida. Yarinyar da nake nema ma kawunta ya fara cewa su ba sa ba mawaƙi 'ya. Kawu, in na kwana biyu ban yi waƙa ba ji nake kamar an toshe mini numfashi. Ga waƙoƙin nan na turo maka. Ya zan yi?

Ɗanka, daga Bauchi.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Waƙoƙin nan biyar na saurare su, wata har sau uku, kuma da su zan fara, don in na fara da maganar Baba za ka ce dama tsofaffi bakinsu ɗaya. Kana da murya. Ba faranta maka nake yi ba. Shekara goma sha takwas na yi ina sayar da kaset, daga baya faifan CD, a bakin wannan kasuwar da kake ɗinki, kuma mai irin wannan sana'a ko bai iya rera baiti ɗaya ba, kunnensa ya san muryar da ke sa mai wucewa ya dawo da baya ya ce "Malam, wane ne wannan?" Taka tana cikinsu.

Sai dai waƙa ɗaya ce taka a cikin biyar ɗin. Ta ukun nake nufi, wadda ka yi wa mahaifiyarka, inda kake faɗin yadda take tashi kafin assalatu ta hura wuta ta ɗora tandar masa, hayaƙi na cin idonta, kai kuma kana kwance kana jin ƙarar cokali a jikin tanda. A nan na ji mutum yana faɗin abin da idonsa ya gani. Har "rigan makaranta" ka ce, irin tamu ta Bauchi, ba "rigar" ba, kuma don Allah kada wani ya sa ka gyara. Sauran huɗun kuwa, da za a rufe mini ido a sa mini su, sai in rantse wani mawaƙin Kano ne mura ta kama. Karin na aro, kalmomin na aro, daga zuciya sai ruhi sai hawaye, sannan mai situdiyo ya antaya maka otocun, abin nan na kwamfuta mai gyara murya, har muryar ta koma kukan sauro a gwangwani. Wadda ta zaga TikTok ɗin tana cikin waɗannan huɗun. Kana mamakin yadda ake rawa da ita ba a san mai ita ba. To ta ina za a san ka, alhali babu abin da ke cikinta da ya ce kai ne? Zanen aro ai ba ya rufe katara.

Ka yi waƙa, ɗana, ban hana ka ba. Wanda ya ce numfashinsa ke toshewa, hana shi ɓata baki ne, na ga irinku. Amma keken nan kada ka sayar, kuma waƙoƙin kada ka miƙa wa mutumin Kano a yadda ya kawo maganar.

Mu koma kan Baba. Ka lura da kalmar da ya yi amfani da ita? Bai ce mawaƙi ba, maroƙi ya ce, kuma dattijo ba ya zaɓen kalma a banza. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, gidaje ne da aka sani. Akwai makaɗan fada da kotsonsu da taushinsu, sarki ke ci da su, ya ba su riga da doki da hatsi. Akwai makaɗan sana'a: kalangu na mahauta ne, manoma da nasu, maƙera da nasu, 'yan dambe da 'yan tauri kowa da mai wasa shi, ga 'yan amshi a baya, ga sanƙira yana ƙara gishiri. Duk cikinsu babu mai farashi. Abin da aka ba su kyauta ce, wanda ya hana kuma ya sha habaici, in ya yi taurin kai a kai shi ga zambo. Mutane suna son waƙarsu, suna tsoron bakinsu, suna ba su don kare mutunci, sannan in maganar aure ta taso sai su ce a je a nemi daidai da kai. Wannan ita ce duniyar da Baba ya tashi ya gani. Hoton da ke hana shi barci shi ne ɗansa riƙe da abin magana a wajen biki, ya tsaya a kan wani Alhaji yana kiran sunan kakanninsa har sai ya sa hannu a aljihu. Kuma ka faɗi gaskiya, ba a daina ba. Fiyano ce kawai ta maye gurbin kalangu.

Na san abin da abokanka ke gaya maka, ai Shata ma haka aka yi masa. Gaskiya ne. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma bai bar duniya a 1999 ba sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015. Barmani Choge ƙwarya ce kayan kiɗanta, kuma har ta rasu a 2013 babu gidan biki a Arewa da bai san muryarta ba. Amma kada ka kuskura ka je gaban Baba kana karanta masa tarihin Shata. Ya fi ka saninsa, a rediyo ya ji shi yana raye, kuma tambaya ɗaya zai yi maka ka rasa amsa: Shata nawa aka yi?

In ƙofa kake nema, ga wadda ta fi kusa da gidanku. Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan ne, ɗan gidan malamai, kuma da waƙa ya yi ta farkar da Arewa har ya rasu a 1958. Yau jami'ar jiha da ke Gadau sunansa take amsawa. Kafin shi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙe suka karantar da jama'a. Ashe ke nan waƙa ba baƙuwa ba ce a gidan mutunci, kai kanka a Islamiyya ka fara. Abin da ke tsakaninka da Baba biyu ne, kiɗa da roƙo. Maganar kiɗa malamai sun yi saɓani a kanta tun da daɗewa, wannan ka zauna da malaminka ku yi ta da littafi a buɗe, ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. Maganar roƙo kuwa a hannunka take, kuma a nan ne keken ɗinkin ya shigo. Wanda ke da abin da zai ci gobe yana iya cewa "farashina kaza ne, in bai yi maka ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Wanda ya sayar da kekensa ya sauka a Kano da jaka ɗaya, ko nawa aka miƙa masa sai ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Wato da hannunka za ka mai da kanka abin da Baba ke gudu.

Kada ka tunkare shi kai kaɗai, kuma kada ka gwada ko da gaske yake da ya ce kada ka dawo. Fushin uba ba abin gwaji ba ne. Ka fara sa wa Mama waƙar masar nan ta ji, ku biyu kawai. Sannan ka nemi wanda Baba ke jin kunyarsa, amininsa na zaure ko gwaggonka, ya shige maka gaba. Abin da za ka kai masa alkawura ne da zai iya dubawa da idonsa: shago zai ci gaba da buɗewa kullum, ba za ka tsaya roƙo a bikin kowa ba, ba za ka zagi ɗan kowa a waƙa ba, ba za a ga ka a bidiyo kana abin da zai sa ya kasa zama a majalisarsa ba. Ka roƙe shi shekara ɗaya, daga wannan Ƙaramar Sallah zuwa ta baɗi. Mai yiwuwa ba zai ce "na yarda" ba. Iyayenmu ba su cika faɗin haka ba. In ya yi shiru ya ce "Allah ya shirya," ka tashi ka yi godiya, an ba ka.

Yanzu kuɗi. Bari in ba ka labarin wani yaro, sa'anka a lokacin, wanda ya riƙa zuwa shagona daga wani ƙauye ta wajen Darazo. Ya yi wata waƙar aure mai daɗin amshi, ya kai Kano, wani ɗan kasuwar kaset ya saye ta ɗungurungum da kuɗin da bai fi na keken hawa ba. Yaron ya dawo yana murna, har tsire ya saya mana. Waƙar ta karɓu. Ni da hannuna na sayar da kwali-kwali na kaset ɗin, in ya ƙare in aika kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a ƙaro. Wata ranar Juma'a sai ga shi ya shigo, ya tsaya yana jujjuya kaset ɗin da hotonsa a jiki, ya ce nawa ne, surukarsa yake so ya kai wa. Ya zaro kuɗi a aljihun gaba, tsofaffin takardu a nannaɗe, yana ƙirgawa. Kunya ta kama ni kamar ni na cuce shi. Na ce ya bar kuɗin, ya ce a'a Kawu, ai kai ma saye ka yi. Wanda ya sayi waƙar bai yi masa ƙarya ba, bai ƙwace ba, ciniki aka yi aka shaida. Yaron ne bai san abin da yake sayarwa ba.

Wannan kasuwar ta mutu a gaban idona. Kaset ya ba CD wuri, CD ya ba memori wuri, sai ga samari da kwamfuta a ƙarƙashin lema suna tura wa mutum waƙa ɗari a waya da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Na rufe shago. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma abu ɗaya bai sauya ba: kuɗin waƙa na wanda ya mallake ta ne, ba na wanda ya rera ba. Yau mallakar tana intanet. Wanda ya mallaki waƙa ya ɗora ta a tasharsa ta YouTube, shi ake biya. Masu YouTube kuma galibi ba sa fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, sannan su ba ka kashi 55 cikin 100, kuma ba sa turowa sai ya taru ya kai dala 100. Kallon da aka yi daga Najeriya bai kai wanda aka yi daga Ingila ko Amurka kuɗi ba, saboda masu talla a can sun fi biya. Spotify, dandalin sauraron waƙa a waya, ya shigo ƙasar nan a 2021, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun komai a wurinsu. Mutanenmu ma sun fi sauraro a Audiomack da Boomplay, ko a tura musu ta WhatsApp kyauta. TikTok kuwa yaɗa waƙa yake yi. In ba ka shigar da ita da sunanka ta hannun kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid ko TuneCore ba, duk hawan da ake yi a kanta ba a rubuta maka ba. Shi ya sa ka ji taka a Keke Napep aljihunka na kaɗawa.

Na jero maka waɗannan don ka gane cewa waƙa a intanet dashen mangwaro ce. Ba a sha a shekarar da aka dasa, amma in ta kama, tana yi maka 'ya'ya kana barci. Mutumin Kano ya san haka, itacen yake so ya saya tun yana ƙarami. Ban ce macuci ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma mai yiwuwa yana da hanyoyin da kai ba ka da su. Amma yi lissafi. Dubu 300 a raba biyar, dubu 60 ke nan kowace waƙa. Cire abin da ka biya situdiyo da mai kiɗa da mai amshi. Abin da ya rage, kaftani nawa ne a satin Sallah?

Doka tana bayanka, in ba ka sa hannu ka kore ta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce waƙa taka ce tun daga ranar da ka rubuta ko ka naɗe ta, ko ba ka yi rajista a ko'ina ba, kuma haƙƙin baitinka da karinka yana nan har shekara 70 bayan ranka, magada su ci. Mallakar ba ta komawa hannun wani sai da rubutu. Ka ga ke nan 'yar takardar da za a miƙo maka a ce "sa hannu a nan, ka'ida ce kawai," ita ce cinikin gaba ɗaya. Ka ɗauke ta kamar gona. Akwai sayarwa, akwai haya. Ka ce masa ka ba shi biyu daga cikin waƙoƙin soyayyar haya na shekara biyu, ya tallata, ku raba abin da ya shigo kashi kaza da kaza, sunanka a jiki, bayan wa'adi su dawo hannunka. Waƙar Mama kuwa ba ta cikin ciniki. In ya yarda, ka samu abokin hulɗa. In ya fusata ya ce yaro ya cika wayo, ka san abin da ya zo nema. Kalmar "yarona" ma a fassara ta a takarda: shekara nawa, wa ke biyan situdiyo, ina za ka kwana, kana da ikon yi wa wani waƙa ko babu. Ka kai wa lauya ya karanta, kuɗin da zai karɓa bai kai ɗinkin babbar riga ɗaya ba. Haka mai kiɗan da ya buga maka a nan Bauchi, ku rubuta cewa ka biya shi ladansa, sautin naka ne, ka karɓi kayanka a filashi ka adana. Da yawa sai waƙa ta fashe sannan mai situdiyo ke tuna cewa shi ma yana da rabo. Ka buɗe tasharka da sunanka yau, ko mabiya goma ne, ka kuma nemi yadda ake shiga ƙungiyar MCSN, wadda ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu daga masu amfani da waƙa a kasuwanci.

To kafin mangwaron ya yi 'ya'ya me za a ci? Abin da mafi yawan mawaƙan Arewa ke ci, waɗanda ba ka ganin hotonsu da mota: waƙar biki. Ƙawayen amarya ko abokan ango su kawo sunaye, a yi musu waƙar kamu ko ta dina. Sai tallar rediyo ta shaguna da makarantun kuɗi, sai waƙoƙin faɗakarwa, sai na walima da sauka. A nan ne nake ganin kana zaune a kan taska kana hangen ta wani. Su wa ke kawo maka ankon biki? Abokan ango. Mutanen da sauran mawaƙa ke bi da roƙo a waya, kai da ƙafarsu suke shigo maka shago, ka auna kafaɗarsu, ku yi raha. Kana gama rubuta awo ka ce, "Af, an yi wa amarya waƙa kuwa?" Ka faɗi farashi, ka karɓi rabi kafin alƙalami, ka ba da aiki ranar da ka yi alkawari (a nan fa sai ka bar halin teloli, kada a zo kamu ana cewa gobe). Wanda ya yi haka ɗan sana'a ne, ko Baba ya gani ya san ba roƙo ba ne. Kuma dubi yadda Allah ya tsara maka lokutan: bukukuwa sun fi yawa a Rajab da Sha'aban da bayan Sallah, da azumi ya kama kasuwar mawaƙa ta kwanta wata guda cur, daidai lokacin da tela ba ya runtsawa. Abokanka na waƙa za su yi ta cin bashin buɗa-baki kai kana mayar da ɗinki. Liƙi kuma kada ka ɗora rayuwarka a kansa. Ban da kasancewarsa ƙanin roƙo, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira a wajen biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu 50 ko duka biyun, kuma tun 2024 hukumar EFCC ta riƙa kai mutane kotu a kai.

"Za a gyara ka bayan zaɓe." Tun zamanin jam'iyyun SDP da NRC nake jin wannan magana, ko wasali ba a canza mata ba. Gaskiya ne siyasa ta yi wa wasu mawaƙa gida da mota, amma waɗannan ɗan takara ne da kansa ke kiransu a waya. Kai na kusa da na kusa ne ya zo maka, kuma kuɗin da zai bi ta hannu uku kafin ya iso gare ka ƙanƙara ce aka aiko yaro da ita da tsakar rana. In an faɗi zaɓe a ce maka ai ka ga yadda ta kasance. In an ci, lambar waya ta canza. Ban ce haramun ba ne, aiki ne kamar kowane, amma a biya ka kafin ka shiga situdiyo, kuma ka tsaya a yabon naka. Ranar da aka ce ka taɓa abokin hamayya, ka ambaci asalinsa ko iyalinsa, ka ajiye abin magana ka fito. Su za su shirya, wani ya sauya sheƙa, ka gan su a ɗaurin auren 'ya'yansu suna rungumar juna, kai kuma zagin yana nan a wayoyin mutane da muryarka. Bauchi gari ne da kowa ya san ƙofar gidan kowa. Wanda ka yi wa zambo bana, wataƙila shi ne uban gidan kawun yarinyar nan.

Kano ka je, amma zuwan mai komowa. Mota ce ta Ningi da Birnin Kudu, ka tashi da safe ka yi azahar a can. Titin Gidan Zoo cike yake da samari masu murya, wasu sun fi ka, suna kwana a benci a ƙofar situdiyo suna jiran ranar da za a ce su shigo su yi amshi. Kai ka je da kuɗinka da ranar da aka ba ka, ka yi aikinka, ka gaisa da mutane, ka kwana biyu ka dawo kan kekenka. Ka sani kuma can akwai hukumar tace fina-finai tun 2001, mawaƙa ma suna ƙarƙashinta, da rajistarta da dokokinta. Jos ma ga ta nan kusa, garin kiɗa ne tun fil azal. Abu ɗaya nake roƙonka a duk inda ka shiga: daren situdiyo yana da tsawo, kuma za a miƙo maka kwalba a ce tana buɗe murya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma bai ɓace ba. Muryoyin da na ga kwalbar nan ta cinye sun fi waɗanda talauci ya cinye.

Bidiyon da kake son sayar da keke dominsa, wa ya ce sai da hayar mota da gidan wani? Waya mai kyau da abokin da hannunsa ba ya rawa sun isa. Ka zauna a kan keken, tef a wuya, ka rera waƙar Mama, ƙarar keken tana riƙe maka kiɗa. Masu hayar mota sun yi yawa har ba a bambance su, mawaƙin da ke ɗinki kuwa ban ga ko ɗaya ba. Kuɗin da ka rage ka sa a koyon fiyano, don mawaƙin da bai iya taɓa komai ba kullum a hannun makaɗi yake. Ka ajiye littafi biyu a aljihun keken. Ɗaya na baitoci, ka riƙa rubutu kullum ko layi huɗu ne, ka nemi rubutattun waƙoƙin magabata ka ga yadda ake auna baiti a ɗaure amsa-amo, ka zauna kusa da tsofaffin mata ka ji waƙoƙin niƙa da na reno kafin su tafi da su. Ɗayan na lissafi, abin da waƙa ta ci da abin da ta kawo, har kuɗin mota. Ranar da littafin nan ya nuna waƙa ta fi ɗinki kawowa wata shida a jere, ko a ranar ba sayar da keke za ka yi ba, yaro za ka ɗora a kai.

Kawun yarinya tambayarsa ɗaya ce ko da bai furta ba: me zai ciyar da ita? Tela mai shago a Wunti yana da amsa. Wadda ya kamata ka zauna da ita ita ce yarinyar. Ka gaya mata gaskiya, akwai dawowar dare, akwai 'yan matan da za su riƙa rubuto maka abin da ba za ta so gani ba. In za ta iya, ta faɗa tun yanzu.

Kada ka ga na cika lissafi ka zaci ban san daɗin abin ba. Akwai wani direban babbar mota mai kai shanu Kudu da ya sayi kaset ɗaya a wurina har sau uku, saboda zaren yana tsinkewa don yawan juyawa. Ya ce mini muryar nan ce ke hana shi gyangyaɗi daga nan har ya haye gadar Lokoja. Mawaƙin bai san shi ba, ba za su taɓa haɗuwa ba, amma yana zaune a gefensa cikin dare yana tsare masa rai. Shi kuma yaron Darazo, na haɗu da shi bara a tashar mota, ya yi furfura, taki yake sayarwa. Ya ce mini har yanzu in ana kai amarya a garinsu yakan ji mata suna rera amshin nan nasa, yaran da ke yi ba su san akwai wanda ya ƙirƙira ba, sun ɗauka tun kaka da kakanni haka yake. Ya ce in ya ji sai ya tsaya a bayan katanga har su wuce. Na tambaye shi ko yana jin haushi. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, daɗin yana nan, kuɗin ne dai wani ya ci."

Ina da yadi biyar na shadda da aka ba ni tun bikin autata, yana ajiye a akwati. Ka turo mini kwatancen shagon, ranar Asabar bayan la'asar zan biyo in kawo maka, kaftani da wando, hannun kada ya yi tsawo. Ka fito da littafin baitocin, ina so in ji waƙar masar nan daga bakinka babu otocun. Baiti na biyu amsa-amonsa ya karye a layi na uku, ka gyara kafin in zo.

Kawunka.